Muka Ce Zaƙi Ne, Ashe Faya Ce Ta Fashe

Muna kan iyakar Kulungugu, mun baro Bitu da tirela shaƙe da albasar Galmi, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanen uwargidana ne daga Kumasi. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, Yaya ta ce a shaida maka tun daren jiya ruwa yake zubo mata."

Na ce, "Ciwo fa?"

Ya ce babu ciwo ko kaɗan, ga ta can ma tana tuƙa tuwo. Daga nesa na jiyo muryar Iya maƙwabciyarmu tana cewa, "Ku ce masa ya kwantar da hankalinsa, zaƙi ne yake fita. Gara ya fita yanzu da ya tare ta ranar haihuwa."

Wallahi hankalin nawa kuwa ya kwanta. Na mai da waya aljihu, na koma kan rigimar takardun kwastan. Cikin nata wata bakwai ne a lokacin. Ni kuma abin da ke raina shi ne zafin rana da buhunan da suka fara gumi a ƙasan mota, don duk mai harkar albasa ya san kwana ɗaya a banza a kan hanya asara ce. Motar ta sake ɓata mana lokaci kafin Tamale. Sai a rana ta huɗu na shiga gida a Aboabo. Na tarar da ita kwance, jiki zafi rau, tana rawar sanyi, ɗakin yana wani wari da har yau ban manta ba. A daren ta haihu a asibiti. Namiji. Ya yi kuka, ya yi kwana biyu yana kokawa da numfashi, ya koma. Muka raɗa masa suna, muka kai shi Tafo. Ita kuma sai da ta yi kwana goma sha ɗaya ana yi mata allurai da ƙarin ruwa kafin ta iya tsayawa da ƙafarta.

Abin ya faru kafin 2008, shekarar da gwamnatin Ghana ta sa awo da haihuwa kyauta ga mai juna biyu a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa. Amma ba zan fake da kuɗi ba. Kuɗin asibiti ba su fi ƙarfina ba. Abin da ya hana a kai ta shi ne mun riga mun raɗa wa abin suna, kuma sunan bai ba kowa tsoro ba.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san maganar zaƙi. Tsofaffinmu suna cewa mai ciki in ta cika shan rake, zuma da sukari, wani ruwa mai yauƙi yana taruwa a jikinta, ranar naƙuda ya tare hanya, ta daɗe a kan gwiwa. Shi ya sa in ciki ya tsufa ake haɗa mata jiƙo na sassaƙe da saiwoyi masu ɗaci, wai a wanke zaƙin. To ka ga matar da aka raina a kan wannan fahimta, in ta ga ruwa yana bin cinyarta ba tare da ciwo ba, ai murna za ta yi. Iya ba muguwa ba ce, Allah Ya jiƙanta. Ƙarin jiƙo ma ta kawo da hannunta, don ta ga magani ya fara aiki.

Wata ungozomar asibiti, 'yar arewacin Ghana mai jin Hausa, ita ta zaunar da ni a kan benci ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Tun daga ranar nake tambaya, nake karanta duk abin da ya faɗo hannuna a kan wannan magana. Ni ba likita ba ne, makarantar allo da yaƙi da jahilci su ne iyakata. Abin da na tara ne zan zube muku.

Ɗa a cikin mahaifa yana kwance ne cikin wata jaka mai ruwa, ita muke kira faya. Ruɓi biyu ce, siririya kamar wannan tattausar fatar da ke tsakanin ɓawon albasa, amma da ƙarfinta. Ruwan yana kare yaro daga bugu, yana ba shi filin motsi, huhunsa ma da shi yake girma. Jakar kuma ita ce ƙyauren da ya raba shi da ƙwayoyin cutar da ke waje. A ƙa'ida sai naƙuda ta kankama take fashewa. In ta fashe kafin naƙuda ta fara, shi ne abin da nake magana a kai. A cikin matan da cikinsu ya cika, wajen 8 cikin 100 fayarsu tana riga naƙuda fashewa, kuma yawancinsu naƙudar tana biyowa cikin kwana ɗaya. Wanda ya fi haɗari shi ne ta fashe ciki bai kai mako 37 ba. Wannan yana samun wajen mace 3 cikin 100, amma shi ke jawo kusan kashi ɗaya cikin uku na haihuwar bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4, wato kusan jariri ɗaya cikin kowane goma. Ku yi lissafin da kanku, ai mu 'yan lissafi ne.

Da ƙyaure ya buɗe, abu uku ake tsoro. Ƙwayoyin cuta su hau su kama ruwan da mahaifar, kamar yadda ya faru a gidana. Ko igiyar cibiya ta biyo ruwa ta rigayi yaro fitowa, kansa ya danne ta, numfashinsa ya yanke. Ko kuma a haife shi huhu bai nuna ba.

Tambayar da na yi wa ungozomar ita ce wadda kowane miji zai yi: me ya fasa ta? Na zaci za ta ce ɗaukar bokiti ne ko daka. Sai ta ce, "Alhaji, albasarka daga waje take ruɓewa ko daga ciki?" Na yi shiru. Ta ce abin da aka fi samu shi ne ciwon sanyi. Ƙwayoyin cuta suna zaune a gaban mace ko a mafitsara, su lallaɓa su hau bakin mahaifa, jiki ya tashi yaƙi da su, wannan kumburin da yaƙin su ci ƙarfin jakar har ta yi laushi ta tsage. Alamominsa mata sun san su: farin ruwa mai ƙarni ko wanda ya canza launi, ƙaiƙayi, zafin fitsari, ciwon mara. Matsalar ita ce a wurinmu sanyi ya zama kamar gishirin zaman duniya, kowace mace tana da shi, ba a ɗauke shi ciwon da za a je asibiti dominsa ba. Wani lokaci ma babu alamar komai, sai gwajin fitsari ya tona. Wannan ɗan kwalbar da ake ba mace ranar awo ta kawo fitsari, ba don a wahalar da ita ba ne.

A nan zan yi magana da 'yan uwana maza, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Wasu daga cikin waɗannan cututtuka, irin su ciwon sanyi mai fitar da mugunya, ta hanyar kwanciya ake ɗaukarsu. Mu mutanen hanya ne. Mun san tasha, mun san masauki, mun san abin da ke faruwa a garuruwan da mota ke kwana, ba sai na ambaci sunan gari ba. Namiji yana iya ɗauke da cutar bai ji komai ba, ya kawo ta gida. In gidan mata biyu ne ko uku, ta zaga kowane ɗaki. A yi wa mai ciki magani ta warke, maigida ya dawo daga tafiya ya mayar da ita inda take. Shi ya sa in nas ta ce a zo da miji, ba raini ba ne. Na san mutanen da za su yini a layin banki saboda sidi ɗari biyar, amma su ce girmansu ya wuce su zauna a bencin asibiti rabin awa.

Sai maganar matsi da wanke-wanken ciki da sabulu ko ruwan magani, waɗanda masu tallan kayan mata suka cika mana wayoyi da su. Gaban mace yana da nasa ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare shi. Cushe-cushe da ɗauraya suna kashe su, miyagun su samu fili. Mai ciki ba ta da abin da za ta nema a wannan kasuwar.

Abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi shafarmu mu baƙi, shi ne tarihin mace. Wadda fayarta ta taɓa fashewa da wuri, ko ta taɓa haihuwar bakwaini, haɗarin ya sake faruwa gare ta ya fi na sauran mata nesa ba kusa ba. Haka wadda aka taɓa yi wa aiki a bakin mahaifa, ko wadda bakin mahaifarta gajere ne tun asali, abin da na'urar hoton ciki ke iya aunawa a tsakiyar ciki. Mutumin gari, matarsa a asibiti ɗaya take haihuwa, fayil ɗinta yana nan. Mu fa? Ta fari a Madawa, ta biyu a Lome, ta uku a Kumasi. Kati ɗaya da Faransanci, ɗaya da Turanci, ɗaya ya ɓace a ƙaura. Ta je awo, nas tana jin Turanci da yaren Asante, ita Hausa kaɗai take ji, ga kunya. A tambaye ta, "An taɓa samun matsala?" ta ce, "Lafiya lau," domin yaron ai ya rayu, ga shi can yana wasa. Ɗanmu na biyu da wata takwas aka haife shi a gida, ɗan mitsitsi, muka naɗe shi da auduga da tsumma har ya yi ƙwari. Babu wanda ya rubuta wannan a ko'ina. Mu a wurinmu abin godiya ne, ba labarin da za a kai wa nas ba.

Zubar jini a lokacin ciki, musamman daga wata na huɗu zuwa sama, ko da ɗigo ne ya tsaya da kansa, shi ma yana raunana jakar. Uwargidana ta ga jini a wata na biyar. Sai bayan mun dawo daga Tafo na ji.

Akwai kuma cikin da ya cika mahaifa fiye da kima, jaka ta miƙe kamar buhun da aka danna wa kaya: tagwaye, ko ruwan faya ya yi yawa, wanda sau da yawa ciwon suga ke kawowa. Yankinmu na Afirka ta Yamma yana cikin wuraren da aka fi haifar tagwaye a duniya, don haka hoton ciki ko sau ɗaya ne ba almubazzaranci ba ne.

Taba sigari tana cikin abubuwan da likitoci suka tabbatar. Za ku ce matanmu ba sa sha. To, shisha fa da ta shigo ɗakunan amare? Kuma maigidan da ke busa tasa a ɗaki ɗaya tilo da iyali ke kwana, hayaƙin bai san wanda ya sayo karan ba.

Na ƙarshe a lissafina shi ne jikin da ya gaji: mace ramammiya, ba ta cin abin kirki, jininta ya yi ƙasa, ga kwanika. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin, wanda kusan daidai yake da shekara biyun shayarwa da muka sani tun kakanni. Namu yaron wata tara yake da shi a duniya lokacin da cikin ya shiga. Zazzaɓin cizon sauro shi ma yana shanye jinin mai ciki, yana jawo haihuwa kafin lokaci, shi ya sa ake ba su Fansida a wurin awo daga wata na huɗu, a haɗa musu da gidan sauro da ƙwayar ƙarin jini.

Da na jera su a raina sai na ga tutoci huɗu aka kafa mini a tsakar gida: zafin fitsarin da na sayo mata kafso a kemis ta sha kwana biyu ta ajiye, ɗan wata takwas, jinin wata biyar, da kwanika. Biyu na sani ban ɗauke su komai ba, ɗaya ban san yana da ma'ana ba, ɗaya ba a gaya mini ba. Ni da nake gane buhun da zai ruɓe tun daga warinsa.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya je yana tuhumar matarsa. Mata da yawa fayarsu tana fashewa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa. Kuma abubuwan da aka fi ɗora wa laifi a tsakar gida, shara, girki, wanki, ko kusantar miji a cikin da yake lafiya, ba su ne a sahun gaba ba. Faɗuwa mai tsanani ko bugu a ciki, wannan daban. Goyon ciki ma mutane suna tambayata a kai, tunda har gobe ana ɗora 'ya mai cikin fari a mota daga Accra ko Kumasi zuwa Tawa ko Sakkwato don ta haihu gaban uwarta. Abin da nake ce musu shi ne, ku bar maganar gargadar hanya, ku tambayi kanku: in ruwa ya tsinke mata tsakanin Fada Ngurma da Kanchari da tsakar dare, wa zai karɓe ta? In dole ne a tafi, a tafi da wuri, da katin awo a hannu, bayan ungozoma ta duba ta. Wadda take da ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa kuwa, gara uwar ta hau mota ta zo.

Yadda za a gane shi ba wuya. Wani lokaci ruwan yana ɓallewa ne gaba ɗaya, wani lokaci kaɗan-kaɗan, mace ta zaci fitsari ne ya kufce mata, abin da ke yawan faruwa da tsohon ciki. Bambancin shi ne ruwan faya ba ya riƙuwa. Ko ta matse yana zuwa, in ta tashi daga kwance ko ta yi tari ya ƙaru, kuma ba ya zarnin fitsari. Ta sa ƙyalle mai tsabta ko audugar mata, a kama hanyar asibiti a lokacin, ko da ciwo ko babu, ko da rana ko da dare. Kada a bari kowa ya sa hannu wai ya duba, kada a cusa komai, kada ta zauna cikin ruwan zafi, miji ya nisance ta. In ruwan kore ne, ko da jini, ko yana wari, ko jiki ya yi zafi, ko yaro ya rage motsi, to gudu ake yi ba tafiya ba. In kuwa ta ji ko aka ga igiyar cibiya ta leƙo, ta durƙusa ta kifa ƙirji a ƙasa ta ɗaga ƙugu sama, a haka za a ɗauke ta.

Kuma don Allah a bar kemis. Maganin da ake ba mace a wannan hali zaɓaɓɓe ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son eritromaisin, ta kuma yi gargaɗi a kan Augmentin da danginsa a irin wannan yanayi, saboda yana iya jawo wa bakwaini mummunan ciwon hanji. Shi kuwa shi ne wanda yaron kemis zai fara miƙo maka, don ya fi tsada.

Bara waccan aka sake buga mana ƙofa da irin wannan labari. 'Yarmu ta fari, wadda take 'yar shekara huɗu lokacin da muka kai ƙanenta Tafo, ta zo goyon ciki daga Techiman. Cikinta mako 32. Wajen ƙarfe biyu na dare ta fito ta ce wa uwarta, cikin jin nauyi, kamar ta yi fitsarin kwance. Kun san kunyar ɗan fari a wurin matanmu. Uwargidana ko sunan yarinyar nan ba ta faɗa, a gaban mutane ba ta kallonta ido cikin ido. Daren nan ban ga kunya ba. Ta shinshina zanen, ta sa ta ta yi tari, ta leƙo ɗakina ta ce, "Malam, tashi ka nemo mota." Wata baƙuwa da ta kwana a gidan ta fara cewa ai wataƙila zaƙi ne. Kallo ɗaya ta yi mata.

Kafin asuba an ba ta gado. Ba su sa hannu ba, da wani ƙarfe mai kamar bakin agwagwa suka duba suka ga ruwan. Suka fara mata ƙwayoyi, suka yi mata allura 4 cikin kwana 2, irin wadda ake yi tsakanin mako 24 zuwa 34 don huhun yaro ya yi saurin nuna. Safe da yamma ana auna zafin jikinta, ana sauraren zuciyar ɗan. Gwaji ya nuna ciwon sanyi a fitsari, wanda ita ba ta ji alamarsa ba. Aka ce a kira mijin. Ya fara 'yan kame-kame a waya, wai kaya sun iso ba mai karɓa. Na ce masa, "Ɗana, ni na taɓa tsayawa karɓar kaya. In kana son ganin ribar da na ci, zo in raka ka Tafo." Da azahar sai ga shi.

Kwana tara cikin ya ƙara kafin naƙuda ta zo. Mace aka samu, ba ta kai kilo 2 ba. Ta yi 'yan kwanaki a kwalba, daga nan aka koya wa uwar ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, dare da rana. In ta gaji kakar ta karɓa. Ni ma an ɗaura mini ita sau biyu, ina zaune da ɗaurin zane a ƙirji kamar mai tallan koko, nas-nas suna ta dariya.

Yanzu yarinyar tana gudu, ta iya kwance bakin buhu ta watsa mini albasa a tsakar gida. Uwarta kuma tana da wani cikin, wata huɗu, kuma mijin ya mai da harkarsa Lome. Kafin su tashi na sa aka ɗauki hoton kowane shafi na tsohon littafin awonta a waya, wani ɗalibi a unguwarmu ya rubuta mata layi uku da Faransanci a takarda: faya ta fashe a mako 32, an samu ciwon sanyi a fitsari, an haihu a mako 33. Ta miƙa wa ungozomar can ranar awon farko. Jiya ta bugo wa uwarta ta ce an sake gwada fitsarin, kuma an ba ta ranar Talata ta dawo a auna bakin mahaifa.